Ranar Da Totur Ya Ƙi Dawowa A Hanyar Badun

Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari ya san cewa akwai wata yarjejeniya tsakaninsa da motarsa wadda ba a rubuta ba: in ya taka totur ta ƙara gudu, in ya ɗage ƙafa ta lafa. Ran da mota ta karya wannan alkawari, watau direba ya ɗage ƙafa amma inji ya ci gaba da ruri, to, daƙiƙoƙi kaɗan ke gare shi na yin abin da ya dace. Ni dai na ga wannan rana da idona, a kan babbar hanyar Badun zuwa Ikko, cikin wata tsohuwar Peugeot 504 ta kawuna, ga matar kawun da jikokinta biyu a kujerar baya.

Motar ƙirar 1982 ce, watau ta girme ni nesa ba kusa ba. Irinta ce Hausawa ke kira Fijo. A 1968 aka fara ƙera 504 a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara ta Turai, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka. A wannan shekara ta 1975 ce masana'antar harhaɗa Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki, kuma ko da Faransa ta daina yin ƙaramar 504 a 1983, Kaduna ta ci gaba da fito da ita har bayan shekarar 2000. Shi ya sa har gobe ake cin karo da ita a garejin tsofaffin ma'aikata da kuma kan hanyoyin karkara. Mota ce mai ƙarko, ba a musu. Amma fa ƙarfen da ya shekara arba'in yana aiki, hannun makanikai iri-iri kuma ya ratsa cikinsa, dole ne a sa masa ido.

Muna dawowa ne daga ɗaurin aure a Sabon Badun. Gab da mahaɗar Shagamu na fito zan wuce wata tankar mai, na taka totur har ƙasa, na wuce, na koma hannuna, na ɗage ƙafa. Sai na ji ƙafar ta taso ita kaɗai, matakin bai biyo ta ba. Allurar gudu tana kan 110 tana ƙara hawa, ga kuma wata motar kaya tana rarrafe a gabana. Ban ɓoye muku ba, abin da na fara yi shi ne salati da ƙarfi. Daga nan na taka kuloci. Inji ya yi wata irin ƙara da ban taɓa ji ba, kamar zai fito daga cikin bonet, na murɗa makulli na kashe shi, na danne birki, Allah ya sa gefen hanya babu kowa. Da muka tsaya, matar kawu ba ta ce uffan ba, sai carbi kawai take ja.

ABIN YI KAFIN A KAI GA MAKANIKE

Zan fara da wannan domin shi ne ke raba rai da ajali. Mai karatu ya riƙe cewa mota ba ta tafiya sai inji na haɗe da ƙafafunta. Kuloci ne ke raba su nan take, saboda haka shi ake fara takawa, a mai da giya firi. Illa dai tsofaffin motoci masu kafireto ba su da na'urar da ke hana inji wuce iyakarsa kamar motocin yanzu, don haka da zarar an sauke masa nauyi zai yi ta hauhawa har ya iya fasa kansa. Ke nan kashe shi ya biyo baya ba tare da jinkiri ba. A murɗa makulli ɗaki ɗaya tak. Kada a kai shi ƙarshe, kada kuma a zare shi, domin a motoci irin su 504 zare makulli yana kulle sitiyari, mota kuwa mai gudu da kulallen sitiyari ta zama makara.

Birki ma yana da nasa sharaɗi. Tukunyar nan da ke sauƙaƙa wa ƙafa taka birki da zuƙar iskar inji take aiki, zuƙar nan kuwa tana raguwa ƙwarai sa'ad da totur yake buɗe, tana yankewa in an kashe inji. Abin da ya rage a cikin tukunyar bai fi na taku biyu ko uku ba. Wanda ya yi ta famfa birki ya ƙarar da guzurinsa a banza, sai ya ji mataki ya yi tauri kamar dutse. A taka sau ɗaya da ƙarfi, a riƙe. Ko ya yi tauri birkin yana nan, ƙarfin ƙafa kawai yake bukata. In hanya a buɗe take babu abin da ke gaba, ana iya sa yatsun ƙafa a ƙarƙashin matakin totur a ɗago shi, sau da yawa hakan ya kan isa. Abin da ba a yi daɗai shi ne sunkuyawa a ja shi da hannu mota na tafe.

BABA YA RABA GARDAMA

Wani ɗan acaɓa ne ya shiga Sabon Shagamu, unguwar Hausawa fataken goro, ya ɗauko mana wani dattijon makanike da yaronsa. Kafin su iso ni da wasu 'yan kallo mun riga mun yanke hukunci cewa kafireto ne ya lalace, har wani yana ba da shawarar a kwance shi a wanke da fetur. Da dattijon ya ji haka sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, kada a bar jaki a daki taiki. Bari mu tambayi motar tukuna."

Na ce, "Baba, yaya ake tambayar mota?"

Ya ce in tsaya in gani.

Kafin in faɗi abin da ya yi, ya kamata a san yadda abin yake aiki. Daga matakin da direba ke takawa akwai waya da ta ratsa bangon da ke tsakanin direba da inji. Siraran wayoyin ƙarfe ne aka tufke kamar igiya, aka zura cikin kube, irin dai wayar birkin keke. Ƙarshenta yana ɗaure da wani ɗan hannu a jikin kafireto. Hannun yana juya wata siririyar sanda, a jikin sandar kuma akwai ɗan faifan ƙarfe da ya tare maƙogwaron kafireto, wanda Turawa suka yi wa laƙabi da malam-buɗe-littafi saboda yadda yake buɗewa da rufewa. In faifan ya buɗe iska ta kwarara, ta janyo fetur, inji ya tashi. Abin lura shi ne ƙafar direba buɗewa kaɗai take yi. Rufewa aikin wani ɗan sifirin ne da bai fi tsawon yatsa ba. Duk inda aka sami tirjiyar da ta fi ƙarfin wannan sifirin, tun daga ƙasan ƙafar direba har zuwa faifan, totur zai maƙale.

Baba ya jira inji ya huce. Ya fara leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ɗaga tabarmar roba, ya laluba ko akwai kwalba ko takalmin yaro da ya gangaro. Kada mai karatu ya raina wannan. A watan Agusta na 2009 mutum huɗu 'yan gida ɗaya suka rasu a San Diyego ta Amurka cikin wata Lexus, bincike kuma ya nuna tabarmar da ba ta motar ba ce ta danne matakin totur. Bayan wannan ne kamfanin Toyota ya janye miliyoyin motoci tsakanin 2009 da 2010 domin gyara. In haka ta faru da motar zamani, ina ga tamu da ake shimfiɗa wa kafet biyu har uku don ado?

Da bai sami komai a nan ba, sai ya buɗe bonet, ya cire tukunyar tace iska, ya kwance wayar totur daga jikin kafireto. Wannan kwancewa ita ce tambayar da ya ce zai yi wa motar, domin ta raba hanyar gida biyu. Ya sa yatsa ya tura hannun kafireto har ƙarshe ya saki. Hannun ya koma, amma a sanyaye, ba da ƙarar "ƙas" da ya ce yana son ji ba. Ya cire sifirin ya sake juyawa, sandar tana yawo sumul babu inda ta kama. Ya ce kafireto ba shi da laifi, sifirin dai ya gaji, kuma ma ba nasa ba ne, wani ne ya ɗauko na wani wuri ya lanƙwasa bakinsa ya maƙala. Daga nan ya sa yaron ya taka mataki a hankali, shi kuma ya riƙe ƙarshen wayar yana ja. Tana zuwa rabi sai ta cije. Ya ba ni na ja da kaina, na ji tana kartar wani abu a ciki kamar ana jan ƙaya a cikin tsumma.

Da aka zare ta gaba ɗaya, sai ga silli uku ko huɗu sun tsinke sun miƙe kamar gashin bushiya, kuben kuma ya ƙone ya ƙanƙance a wurin. Taka totur har ƙasa da na yi wajen wuce tanka ya ja tsinkakken wurin ya shige inda kuben ya matse, gajiyayyen sifirin kuwa ya kasa janyo shi baya.

Ni a nan na ɗauka magana ta ƙare. Baba kuwa ya juya wayar yana dubawa, ya ce wurin da ta ƙone ba kusa da bakin salansa yake ba, ruwa kuma ba ya tsami banza. Ya tambaye ni ko motar tana nauyin tashi da safe. Na ce ƙwarai, har an canza batir bai hana ba. Sai ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin inji, ya miƙo mini guntun wata kakkaurar wayar tagulla da ta ruɓe ta rabu biyu. Ita ce ke haɗa inji da gangar jikin mota, ta inda wutar batir ke komawa gida. Inji a kan roba yake zaune, roba kuwa ba ta ɗaukar wuta. In wannan waya ta yanke, wutar sitata, wadda ta kan wuce amfiya 100, dole ta nemi wata hanya, sai ta bi duk ƙarfen da ta samu, har da siririyar wayar totur. Kullum aka tayar da mota sai wayar ta yi zafi, ta narkar da kubenta, sillinta su yi rauni. Da an sa sabuwar wayar totur an bar wannan, da an kashe maciji ba a sare kansa ba.

SAURAN WURAREN DA CUTAR KE ƁOYA

Yayin da yaron ya tafi neman kaya, na zauna a kan dutse na yi ta tambaya, abin da na riga na sani kuma na haɗa da wanda na ji. Da a ce hannun kafireto ne ya cije bayan an kwance waya, to, bincike sai ya koma kansa. Motar da aka daɗe da jinginewa fetur ɗinta ya kan bushe ya bar wani danƙo mai kama da ƙaro a jikin sanda da faifai, wannan wanki ne maganinsa. Wadda kuwa ta sha tafiya, ramin da sandar ke juyawa a ciki ya kan cinye ya yi faɗi, sandar ta riƙa karkacewa, gefen faifan ya riƙa kama bangon maƙogwaro. Ana gane wannan in an kama hannun an girgiza shi sama da ƙasa aka ji yana wasa. Wanki ba ya maganinsa, sai an kai wa mai injin gyaran ƙarfe ya sa wa ramin sabon zobe, ko a nemi wani kafireton.

Akwai kuma laifin da masu gyara ke jawowa da hannunsu. Wanda ya ɗaure notocin gindin kafireto da ƙarfin tsiya ya kan sa gindin ya lanƙwashe, domin ƙarfensa mai laushi ne, sai sanda ta matse, musamman in inji ya ɗauki zafi. Wanda ya yanka gasket da kwali ya bar bakinsa ya leƙo ciki, faifai zai riƙa kama shi. Wanda ya kwance faifan ya mayar bai daidaita shi tsakiya ba kafin ya ɗaure sukurorinsa, shi ma haka. Yawancin 504 masu inji mai lita biyu suna ɗauke da kafireto mai maƙogwaro biyu, ƙirar Solex ko Zenith, na biyun ba ya buɗewa sai an taka sosai. Direban da ba ya wuce cikin gari zai iya shekara bai buɗe shi ba, datti ya taru, ran da ya hau babbar hanya ya buɗe shi sai ya ƙi rufewa.

Abu guda da mutane ba su cika kawowa a rai ba shi ne robar da inji ke zaune a kai. In ta tsage, inji ya kan ɗaga gefe guda sa'ad da aka ba shi wuta, ɗagawar nan kuma ta ja wayar totur ta ƙara masa wuta, ya ƙara ɗagawa. Wannan ba tatsuniya ba ce. A ƙarshen 1971 kamfanin General Motors ya kira motocin Chevrolet kimanin miliyan 6.7 saboda wannan matsala. Tun farkon shekarun 1970 kuma dokar Amurka ta wajabta wa masu ƙera motoci su sa abu biyu masu zaman kansu da za su mai da totur, domin in ɗaya ya karye ɗayan ya rufe.

Wurin da mota take zaune ma yana da nasa tasiri. A Ikko da Fatakwal danshi ne ke shiga cikin kube ya haifar da tsatsa. A Kano da Sakkwato ƙurar hunturu ce ke haɗuwa da giris ta zama kamar laka mai yashi. Shi ya sa lafta wa waya giris mai kauri ba gata ba ne, mai ɗan ruwa-ruwa kaɗan a mahaɗai ya isa, wayar da ke da rufin roba a ciki kuwa yawanci ba ta son mai ko kaɗan. Masu Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa harhaɗawa a Ikko daga 1975, Yarbawa kuma ke kira Ijapa, watau kunkuru, su nasu ya fi tsawo: inji na baya, saboda haka wayar ta ratsa tsawon motar cikin bututu, matakin kuma a daɓe yake kafe, inda ruwa da yashin takalmi ke taruwa su ci maƙalarsa.

Sai a yi hattara, ba duk injin da ya ƙi sauka ba ne totur ɗinsa ya maƙale. In an duba an ga hannun kafireto ya koma ya zauna a kan sukurun silo, amma inji na ci gaba da gudu sama-sama, to, a nemi cok da bai saki ba, ko tiyo da ya tsage iska na shiga ta ɓarauniyar hanya, ko kuma ƙarafan cikin distiributa da ke gaggauta wuta sun cije. Mai wannan dubawa kada ya kifa fuskarsa a bakin kafireto inji na aiki babu tukunyar iska, domin ya kan yi aman wuta, taba sigari kuwa a kashe ta tun daga nesa.

Ra'ayina, kuma na ji Baba ya yarda, mafi munin gyara shi ne wanda aka fi yi: a ga totur na nauyin dawowa sai a ƙara masa ƙaton sifirin, ko a yanko robar tsohon tiyub a ɗaura. Wannan rufe ciwo ne da tsumma. Tirjiyar tana nan tana ƙaruwa, ƙarfin da ya wuce kima kuma yana cinye ramin sandar kafireto, roba kuwa zafin inji ya kan tsinka ta ba sallama. Haka nan wayar da silli ɗaya ya tsinke ba ta da gyara, ko an datse shi an shafa mai, 'yan'uwansa suna tafe.

Wajen la'asar yaron ya dawo da waya da sifirin, da mai wayarin da ya haɗa sabuwar wayar tagulla, aka kankare wurin ɗaurinta har ƙarfe ya yi fari. Baba ya bi da wayar totur ta tsohuwar hanyarta, ba lanƙwasa mai tsanani, nesa da bakin salansa. Ya bar mata ɗan sako-sako kamar milimita 2 zuwa 3, domin in ta yi ɗamau ko motsin inji kaɗai zai riƙa jan ta. Ya sa na taka har ƙasa inji a kashe, ya leƙa ya tabbata faifan ya miƙe tsaye daidai lokacin da mataki ya taɓa ƙasa, ba kafin nan ba, don kada ƙarfin ƙafa ya riƙa sauka a kan waya. Ya sa na saki a hankali, na kuma saki da sauri, ya fi sau ashirin, kowane karo muna jin "ƙas". Ya kama inji ya girgiza da hannu biyu yana kallon robobin mazauninsa. Sa'an nan aka mai da tukunyar iska aka tayar, sitata ya juya da wani kuzari da ban san motar da shi ba. Bai sallame mu ba sai da inji ya yi zafi aka sake gwadawa, domin wani laifin sai da zafi yake fitowa.

Matar kawu ce ta fara magana tun bayan tsayawarmu. Ta leƙo ta ce, "Malam, Allah ya yi albarka, ya raba ka da sharrin ƙarfe." Ya amsa da amin, ya naɗe tsohuwar wayar ya miƙo mini, ya ce in kai wa mai motar ya gani da idonsa. Mun shiga Ikko bayan sallar isha'i, ban wuce 80 ba har gida. Kawu ya juya wayar a hannunsa ya daɗe yana kallon tsinkakkun sillin, kana ya aiki yaro ya kira masa makanikensa, ya ce gobe da sassafe a zo a duba wayar cok da ta birkin hannu.